Lambar Yayana da Lemun Tsamin Inna

Shekarun baya, lokacin babbar 'yata tana goyo, mahaifiyata ta kusa sa mini hawan jini a kan allura ɗaya tak. Ɗazu na yanka lemun tsami zan matsa a shayi, ƙamshinsa ya dawo mini da abin gaba ɗaya, na ce bari dai in ba ku labari ko na rage sauran haushin.

A Inugu aka haife ni, a wani gidan haya da ke Ogui, irin mai ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa, wanda in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabci ne zai yi maka addu'a. Babanmu mahauci ne, Allah ya ji ƙansa. Mu biyu ne muka rayu a ɗakin Inna, ni da yayana, kuma akwai tazara mai yawa a tsakaninmu.

Yayana shi ne ɗan fari. Yana jan ƙafar hagu, hannun hagun ma ba shi da ƙarfi, kunnensa ɗaya ya mutu, magana kuma sai ya daɗe yana jawo ta kafin ta fito. Amma hankalinsa garau yake. Albasa yake sayarwa a bakin titi, kuma ban ga wanda ya isa ya cuce shi a ciniki ba.

Ba haka aka haife shi ba. Yana ɗan shekara uku ko huɗu masu rigakafin agana suka zo unguwa. Ku yaran yanzu ba ku san agana ba, ku gode wa Allah. Ciwo ne mai feso da ƙuraje a jiki duka, in bai kashe mutum ba ya bar masa zanzana a fuska, wani ma ya tafi da idonsa. Rigakafinta kuwa lamba ake ce mata. Da wani ƙarfe mai kama da bindiga ake yi a damtse, wurin ya yi ƙurji, ya warke ya bar tabo. Yaran gidan kaf aka yi wa, kowa ya yi ɗan zazzaɓinsa ya miƙe. Shi kuwa ba a rufa sati biyu ba sai zazzaɓi mai zafi, sai amai, sai barcin da ba a iya tashinsa, sai jijjiga. A asibiti likita ya ce wa Baba ƙwaƙwalwar yaron ce ta kumbura, kuma lambar ce ta jawo. Ya ce abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, sai a yi wa ɗimbin yara ba a ga ko ɗaya ba. Yayana ya tashi, amma ba duka jikinsa ya tashi tare da shi ba.

Tun daga nan unguwa ta raɗa masa Mai Lamba. Kuma ba a tsaya a suna ba, nan ne abin haushin. Duk ranar da masu rigakafi suka shigo, ko na shan inna ne, ko na ƙyanda, ko na mene ne, sai maƙwabciyarmu mai tuwo-tuwo ta yafa gyale ta je bakin titi ta taso shi daga kan albasarsa. A kawo shi tsakar gida, a ce ya naɗe hannun riga. Sai mata su kewaye shi suna nuna wa ma'aikatan tabon. "Ga shi nan, ku gani da idonku! Hannun da kuka yi wa shi ne ya shanye." Ma'aikatan su kwashe akwatinsu su yi gaba. Shi kuma ya sauke hannun rigarsa, ya ja ƙafarsa ya koma. Na tashi na tarar ana haka, har na ɗauka wani aiki ne daga cikin ayyukansa.

Inna kuwa ba ta fitowa in ana wannan. Kun san alkunyar ɗan fari, to ta Inna ta wuce ta kowa. Ba ta faɗin sunansa, sai dai "wannan" ko "mai albasa". Ba ta zama inda yake zaune. In ta zuba masa tuwo ni take ba in miƙa, ko da kuwa yana nan a bakin ƙofa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunta a jikinsa ba.

Ni kuma ko allurar ɗinki ba ta yarda ta matso kusa da ni ba. Da an ce ga masu farar riga, ƙarƙashin gado ne makwancina, ni da tukwane. Ƙyanda ta kama ni, tarin shiƙa ya kama ni, duk abin da ya zo wucewa sai ya tsaya mun gaisa. Sannan kullum akwai lemun tsami ƙulle a haɓar zaninta. In ya bushe ta sake wani. Na tambaye ta ina yarinya, ta ce ba ruwana.

Da na yi aure sai aka kai ni Fatakwal, maigidana fataucin shanu yake yi a Trans-Amadi. A can na yi wa 'yata duk alluran farko a ɓoye, ban gaya wa Inna ba. Saura ta ƙyanda, wadda sai yaro ya cika wata tara. Sai maigidan zai yi doguwar tafiya Arewa, ya ce in je Inugu in zauna kafin ya dawo. Na iso ke nan na tarar ƙyanda ta shigo unguwa, kuma yarinyata ta cika wata taran daidai.

Ni da bakina da ba ya riƙe magana, na ce, "Inna, ranar Talata zan kai ta asibitin sha-ka-tafi, ranar ce suke yin ta ƙyanda."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Da na san Inna da kyau da na gane shirun nan ba na alheri ba ne.

Ranar Talata na fito daga wanka, ba Inna ba yarinya. Ta goya ta sun tafi gaisuwar mutuwa. Sai bayan la'asar suka dawo, an daɗe da rufe asibiti. Wata Talatar ta zagayo, sai barka. Ta gaba kuma dubiya. Jama'a, ban taɓa sanin Inna tana da dangi da yawa haka a Inugu ba! Wallahi har gidan wata tsohuwa ta je wadda suka shekara ba sa magana, suka shirya, don kawai ta samu inda za ta wuni da 'yata. Ranar Talata tun asuba take goya ta, da ita take salla, da ita take shara. In na ce ta kawo ta sha nono, sai ta tsaya a kaina kamar ɗan doka har ta gama, ta karɓe abarta.

Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. Na ce, "Haba Inna, 'yata ce fa."

Ta ce, "Ke kuma 'yar wa ce?"

To fa. Me za ka ce da wannan?

Ana cikin haka ƙyandar ta shigo gidanmu. Yaron ɗakin da ke kallon namu ya kwanta, idanunsa suka yi jawur suka rufe da kwantsa, tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Tsakanin ƙofarsu da tamu bai fi ka miƙa hannu ba. Kullum sai na ɗaga rigar 'yata ina duba bayan kunnenta da cikinta. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, ga haushi ya cika ni fal.

A wannan satin ne masu ɗigon shan inna suka shigo gida-gida. Kafin su ajiye akwati, mai tuwo-tuwo ta yafa gyale. Can sai ga ta da yayana a gaba, mutum mai furfura a gemu, tana tura shi kamar ɗan makaranta. "Mai Lamba, naɗe musu." Ya naɗe. Mata suka kewaye, wata har da lakato tabon da yatsa. Na saba ganin wannan tun ina yarinya, amma ranar ce na fara kallon fuskarsa. Ba ma'aikatan yake kallo ba, ba matan ba. Bakin titi yake hange, inda ya bar albasarsa ba mai tsaro.

Na ce, "Baba mai tuwo, wai shi ɗin allon talla ne? Ga yaro can kwance ido a rufe, shi ba za ki nuna musu shi ba?"

Ta riƙe haɓa. "Oh ni! An je Fatakwal an waye. To uwarki ta fi ki sanin abin da ta gani."

Na faɗa ɗaki na tarar da Inna zaune a bakin gado da yarinyar a cinya. Na cika na batse. Na ce, "Inna, aganar nan fa an kawar da ita a duniya, an daina lambarta tun kafin ki haife ni. Wannan ta ƙyanda ce, ba iri ɗaya ba ce. Ko waccan ɗin ma likita cewa ya yi ba kasafai ba, ɗaya ne a cikin ɗimbin yara."

Ta ɗago ta kalle ni. "Ɗayan a ɗakina ya sauka."



Ta ƙara da cewa, "Ke har kin isa ki gaya mini agana? Dubi fuskata." Inna tana da zanzana, na saba da ita har ba na ganinta. "Mu huɗu muka kwanta a ɗakin uwarmu, ni kaɗai na tashi. Shi ya sa ranar da aka ce ga masu lamba, ni ce ta farko a layi. Ture mata na yi na kai shi gaba. A lokacin kowace mace da lemun tsaminta a hannu, da an yi wa yaro sai ta zagaya bayan gida ta matse masa a wurin, wai ya kashe dafin. Wannan mai tuwon da kike wa rashin kunya, ita ta miƙo mini rabin nata. Na yi mata dariya. Na ce ni so nake ta kama shi da kyau." Ta gyara wa yarinyar hula. "Ta kuwa kama."

Jikina ya yi sanyi, ba zan ɓoye muku ba. Amma bakina bai yi sanyi ba. Na ce, "Inna, ai lemun ba ya hana komai. Da kin shafa ma abin da zai faru zai faru."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To ni ban tabbata ba. Kuma ba za a gwada a kan wannan ba."

Na fito fuu zan nufi famfo in wanke fuska, sai na yi tuntuɓe da ƙafar yayana. Yana zaune a dokin ƙofa yana cin tuwonsa, bai koma kan albasarsa ba. Mutane sun saba yin magana a gabansa kamar ba ya nan. Sai daga baya na tuna cewa lafiyayyen kunnen ne yake wajen labule.

Talata ta zagayo. Yaron maƙwabta yana asibiti a kwance, don haka Inna ta rasa inda za ta, kowa na gudun mai fitowa daga gidan ƙyanda. Ta zauna a gida da goyo. Wajen hantsi zafi ya ishe ta, tana son wanka. Ta kalle ni, ta san in ta ba ni yarinyar ko takalmi ba zan tsaya sawa ba. Ta kalli matan gida, ba ta yarda ba za su bari in ƙwace ba. Sai ga yayana ya shigo ɗaukar buhu.

Ta kwance goyon ta miƙa wa mai tuwo-tuwo, fuskarta a gefe. "Ba wa wannan ya riƙe ta. Ku ce masa kar ya ba uwarta."

A ganin Inna, duk duniya in akwai wanda ba zai kai yaro wurin allura ba, to shi ne. Shekara da shekaru ita da unguwa suna magana a madadinsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, ita kuwa alkunya ba ta ma bar ta ta zauna da shi ba, balle ta ji ta bakinsa.

Ƙofar banɗaki na rufuwa, ya saɓa yarinyar a kafaɗar dama. Ya dube ni ya ce, a hankali yadda yake magana, "Ɗauko gyalenki." Ya nufi ƙofar gida.

Mai tuwo-tuwo ta ce, "Mai Lamba, ina za ka da ita? An ce kar ka ba uwarta!"

Ya ce, "Ban ba ta ba."

Kuma bai ba ni ɗin ba. Okada biyu muka tare, wato acaɓa, ya hau ɗaya da ita a ƙirjinsa, ni ina bayansu a ɗayan ina ta "Yaya riƙe ta da kyau", ina addu'a ina waige. A asibitin ma shi ya zauna a benci cikin mata masu goyo, ƙato guda da warin albasa, suna ta kallonsa. Da layi ya zo kanmu nas ɗin, wata 'yar Ibo mai jiki, ta ce uwa ta karɓa. Ya girgiza kai. Shi ya riƙe mata hannun da lafiyayyen hannunsa. Ya kalli allurar tun daga shigarta har fitarta, bai kau da ido ba. Ni ce ma na runtse nawa, ni mai bakin wayewa.

Yarinya ta tsala ihu. Ihun bai sauka ba sai ga Inna.

Inna fa da ba ta hawa okada, wai ita ba za ta rungumi ƙaton da ba muharraminta ba. Ga ta nan ta diro daga kan okada, hijabi a bai-bai, kumfar sabulu a bayan kunne, silifa wari da wari. Ta ratsa layin mata tana kwance haɓar zani. Ba wuƙa, sai ta gatsa lemun da haƙori ta raba shi biyu, ta nufo hannun 'yata.

Nas ta daka tsawa, "Mama, no put dat tin o!" wato kar ta shafa abin nan. Ni ma na tare. "Inna don Allah! A gaban mutane? Ba fa abin da zai yi sai dai ya sa mata raɗaɗi!" Ko a jikinta. Tana ture ni, ruwan lemun na bin yatsunta. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai yayana ya miƙo mini yarinyar. Ya tashi ya tsaya tsakanin Inna da mu. Ya kama hannun rigarsa na hagu ya fara naɗewa, a hankali, yadda na ga yana yi tun ina ƙarama, har tabon ya fito.

Ya ce, "Inna."

Ta kau da kai, ta saba.

Ya sake cewa, "Inna. In dole sai kin shafa, ga inda kike so ki shafa. Ki shafa ki huta. Ni ban taɓa cewa ke ce ba."

Inna ta tsaya da lemu a hannu, tana kallon tabon. Ta daɗe. Sannan ta kama damtsen nasa da hannu ɗaya, ta ɗora lemun a kai ta fara murzawa. Tana murzawa hawaye na bin ramukan zanzanarta. Ta matse rabin farko har ya zama ɓawo, ta ɗauko ɗayan. Shi kuwa yana tsaye ya miƙa mata hannu, ruwan na gangarowa har gwiwar hannunsa yana ɗiga a siminti.

Da ta gama ta goge masa da bakin hijabinta, ta sauke masa hannun rigar da kanta. Sannan ta juyo kaina, ta ce, "Ke kuma kin fito da yarinya ba hula, haka ake yi a Fatakwal ɗin?"

Kun ji fa. Ni ce dai mai laifi a ƙarshe.

'Yata ta yi ɗan ɗumin jiki ta warware, ƙyanda ba ta kama ta ba. Inna ta yi sati tana taɓa mata goshi tana harara ta. Yaron maƙwabtanmu ya dawo gida, amma ido ɗaya bai dawo daidai ba.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba na ma sanin da wa zan yi fushin. Abin da ya samu yayana gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙira shi, kuma ba na son in ji wani ya ce wa uwa irin tawa "ai ba kasafai ba ne" ya wuce kamar ya gama magana. Na faɗa mata haka da bakina, na ga yadda ta kalle ni. Amma aganar da ta cinye ɗakin kakata ita ma gaskiya ce, idon yaron nan ma gaskiya ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda unguwa guda ta mayar da mutum hujja, ana ta jan sa ana nunawa, ba wanda ya taɓa cewa, kai me ka gani?

Inna tana nan da ranta. Har gobe in za a kai jika rigakafi sai ta yi mita tun daga ɗaki har ƙofar gida, kuma har gobe "mai albasa" take ce masa. Sai dai haɓar zaninta ba ƙulli, kuma tuwonsa da hannunta take miƙa masa.

Kafin in koma Fatakwal masu rigakafi suka sake shigowa. Ina bakin titi wurin yayana ina zaɓar albasar da zan tafi da ita, sai ga mai tuwo-tuwo da gyalenta tana haki.

"Mai Lamba, taso, sun zo."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da jera albasarsa kashi-kashi. Ya ce, "Ki ce musu Inna ta shafa wa lambar lemu. Ta mutu."